Jarkokin soja na gwanjo: wacce ake saya, kuma yaya ake ɗaukarsu a hanyar jeji?

Direban Jeji:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Akwai tafiya a gabana ta kusan kilomita 700 da babu gidan man da za a dogara da shi a tsakani. Wajen 450 burji ne da gargada, sauran 250 yashi. Motar a-kori-kura ce mai jan taya huɗu, injin dizal na zamani, tankinta lita 80, a kan kwalta tana shan kamar lita 10 a kilomita 100.

Na ga jarkokin ƙarfe na soja da ake gwanjonsu, korayen nan masu mariƙi uku. Wasu da tambari da shekara a jiki, wasu babu komai. Ta yaya ake bambance ta gaske da jabu? Me ake dubawa kafin a biya? Guda nawa za su ishe ni, kuma a ina ya fi dacewa in ɗaure su, saman mota ko baya? Na gode.

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam. Malam Direba, fara da sanin cewa abin da ake kira jarkar soja iri biyu ne, kuma kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya.

Ta farko ita ce ƙirar Jamus ta 1937, wadda kamfanin Müller da ke Schwelm ya fito da ita. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila a Arewacin Afirka suna fama da gwangwanayen galan huɗu masu yoyo, da suka ga wannan sai suka kwaikwaye ta, daga baya ta zama ƙirar da rundunonin NATO ke amfani da ita. Lita 20 take ci. Tsayinta wajen santimita 47, faɗi 34 zuwa 35, kauri 16 zuwa 17. Murfinta ba na murɗawa ba ne, na dannawa ne: hannu ne mai ƙugiya biyu da ke shiga kunnuwan wuyan jarkar, ka danna shi ƙasa ya matse roba a baki. Ta biyu ƙirar Amurka ce, mai faffaɗan murfin murɗawa, tana cin galan biyar na Amurka, wato lita 19 saura kaɗan. Gindinta naɗe shi aka yi kamar na gwangwani, kuma nan ne tsatsa ke fara ci. In kana da zaɓi, ɗauki ta farkon, don robar murfinta da bututun zubanta sun fi samuwa.

Ta gaske rabi biyu ce aka buga a injin aka haɗa da walda, kuma layin waldar yana kwance cikin kwarmi ya zagaye jarkar, yadda ko ta faɗi ba shi zai fara dukan ƙasa ba. Jabu sau da yawa haɗinta a waje yake, ya fito kamar leɓe. Sai nauyi. Ta ƙwarai ƙarfenta wajen milimita 0.9 ne, kuma babu komai a ciki tana kai kilo huɗu ko ta ɗan wuce. In ka ɗora a sikeli ka ga kilo uku, ƙarfen sirara ne, ajiye musu. Danna gefenta da tafin hannu: ta gaske ba ta yin kwaf-kwaf. Tambarin maƙera da shekara buga su ake yi a cikin ƙarfen, ba fenti ba, ba takardar liƙi ba. Sababbin da aka yi wa gwajin ɗaukar kaya masu haɗari suna da alamar UN, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da lambar 3A1.

Amma shekara da tambari ba su ne za su kai ka ba. Cikin jarkar ne da robar murfin. Ka tafi da tocila, ka haska ciki sosai, har kusurwoyin gindi. Akwai fenti na musamman da ake shafe cikin da shi, wani ja-ja, wani ruwan ƙasa ko ruwan toka. In yana nan lafiya lau, santsi, shi ke nan. In ya fara ɓarewa yana tashi ɓawo-ɓawo, kada ka saya ko da wajen yana ƙyalli, domin ɓawon nan ba ya ƙarewa: ka wanke yau, gargada ta kaɗo wani gobe, ya je ya toshe filta. Jajayen ɗigon tsatsa ƙanana a wuya ba komai ba ne. Tsatsar da ta yi ramuka a gindi kuwa ta gama da jarkar. Girgiza ta kusa da kunne, in ka ji yashi-yashi na yawo, ka san abin da ke ciki.

Shinshina kuma. Soja ba dizal da fetur kaɗai suke zubawa ba. Akwai man F-34, wanda danginsa kananzir ne, akwai baƙin mai, akwai ruwan sanyaya inji, akwai ma abin da ba ka san sunansa ba. Warin kananzir ko dizal ba matsala ga motarka. Wari mai hawa kai da ba na mai ba, ko wani abu mai danƙo da ya daskare a gindi, bar ta. Wadda aka yi wa farin gicciye ko aka rubuta mata ruwa, ta ruwa ce, fentin cikinta ba lalle ya jure mai ba. Haka nan wadda ta taɓa ɗaukar mai ba ta komawa ta ruwan sha har abada, komai wanki.

A cikin wuyan akwai ɗan siririn bututu da ya tafi baya zuwa ƙusumbin da ke ƙarƙashin mariƙai. Shi ke shigar da iska lokacin zuba, shi ya sa jarkar ƙwarai ke kwararo mai sumul ba tare da ɓulɓul ba. A tsofaffi yakan toshe da tsatsa ko gidan zanzaro. Zura masa waya mai laushi ka gani ko ta wuce. Jabu da yawa ba su da shi sam.

Robar murfi kuwa, kada ma ka tsaya dubawa, canza ta. Duk jarkar da ta yi shekaru a sito robarta ta bushe ta tsage, ko ta lafe ta daina matsewa. Nemi ta nitril ko ta Viton, nau'o'in roba ne masu jure mai, ba robar tiyub da aka yanka ba, don waccan mai na kumbura ta har ta narke. Sayi biyu ga kowace jarka, ɗaya a baki ɗaya a aljihun mota. Bayan ka sa sabuwa, murfin ya kamata ya buƙaci ƙarfi kafin ya danne. In ya faɗa da kansa sakwaf, ƙugiyoyin sun buɗe ko kunnuwan sun lanƙwashe. Leɓen bakin ma ka bi shi da yatsa: lotsawa ɗaya a nan ta isa ta sa yoyo ko da sabuwar roba. Sannan akwai fil da ake sokawa ta gefe ya kulle hannun murfin. In babu shi a jiki, nemi wani, don shi ke hana reshe ko igiya ɗaga murfin a hanya.

Injiniya:

Baba ya gama da batun saye. Ni lissafi zan taɓa, da ɗauri.

Lita 10 ɗin kwalta ka manta da ita. A burji da kaya a baya, sa 12. A yashi mai laushi, taya a sassauce, kana ƙaramin giya, shan yakan ƙaru da rabi, wani lokaci ya ninka. Sa 18. Kilomita 450 a kan 12 lita 54 ke nan, 250 a kan 18 kuma 45, jimla 99. Ɗora kashi ɗaya cikin huɗu saboda ɓatan hanya, kafewa da komawa baya, ka tashi da wajen 124. Tankin lita 80 kada ka ƙirga shi 80, ƙirga 72 zuwa 75, domin a gangare ko hawan tudu man da ya rage yana gudu gefe, famfo ya ja iska, kuma injin dizal da ya sha iska sai an yi masa aiki kafin ya tashi. Saura wajen lita 50. Jarka uku ke nan. Kafin ranar, cika tanki, loda kayan da za ka tafi da su, yi kilomita ɗari a irin wannan ƙasa, ka sake cikawa. Abin da ka gani shi ne lissafinka na gaskiya, nawa kintace ne.

Nauyi: litar dizal wajen giram 830 zuwa 840 take, ta fetur wajen 740 zuwa 750. Cikakkiyar jarkar dizal kilo 21 ke nan, uku 63. Saman mota kuwa motoci da yawa abin da littafinsu ya yarda a ɗora yayin tafiya bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba, kuma nauyin kariyar kanta, wato ƙarfen ɗora kaya a rufi, yana ciki. Wannan adadin ma na hanya mai kyau ne. A gargada kowane tsalle ninka nauyin yake yi a kan ƙafafun kariyar, sai ka ga rufi ya tsage a wajen notuna. Mafi muni, nauyi a sama yana sa mota saurin kifewa in ta karkata a gefen tudun yashi. Tunda a-kori-kura gare ka, ba ka da hujjar hawa sama. Jera su a tsaye a gaban bodi, jingine da bayan gidan direba, nauyin ya zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya. Rataya su a ƙofar baya ko bayan bamba yana jan gindin mota ƙasa, kuma nan ne inda ake dukan mota in aka yi karo.

Abin da ke kashe jarka a hanya ba faɗuwa ba ne, guga ce. Ƙarfe a kan ƙarfe, kilomita ɗari huɗu na gargada, fenti ya tafi, sai ɗan ƙaramin rami ya buɗe. Shimfiɗa roba mai kauri a ƙasa, sa wata tsakanin jarka da jarka, ka tabbata babu kan noti ko tsakuwa a ƙarƙashi. Mafi kyau a yi musu gida na ƙarfe daidai jikinsu, a ɗaure gidan da noti a bodi. In babu, bel mai ƙarfen matsewa guda biyu, ɗaya ta sama ta ratsa ƙarƙashin mariƙai, ɗaya ta zagaye cikinsu. Igiyar roba mai talewa ba ɗauri ba ce. Bayan kilomita ashirin na farko tsaya ka sake matsewa, don bel yakan saki da kaya sun zauna.

In dole sai an kwantar da jarka, a kwantar da ita a kan siririn bayanta, murfi yana sama, ba a kan faffaɗan gefe ba inda mai zai kwanta a kan roba yini guda.

Kuma kada ta shiga inda mutane ke zaune. Dizal wari ne da ciwon kai, fetur kuwa tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan mota yana jiran tartsatsi.

Ɗan Rairayi:

Ni ban yarda cewa ƙarfe ne kaɗai mafita ba. Akwai jarkar soja ta roba mai kauri, irin ta kamfanin Scepter na Kanada, ita ma lita 20. Ba ta tsatsa, ba fentin ciki da zai ɓare, ta fi sauƙi, kuma guga ba ta huda ta da wuri. Aibinta tana kumbura a rana har ta matse a gidanta ta ƙi fita, murfinta in ya ɗaure sai da abin kwancewa, kuma gidan da aka yi wa jarkar NATO ba lalle ya karɓe ta ba. Ga mai dizal na zamani wanda tsoronsa datti ne, roba ta gaske mai lambar gwaji 3H1 ta fi tsohon ƙarfen da ba a san tarihinsa ba. Kada dai a haɗa ta da jarkar man girki ko ta ruwa, waɗannan ba a yi su don haka ba.

Abin da ba a taɓo ba shi ne cikawa da zubawa, kuma nan ake ɓarna.

Wajen cikawa, sauke jarka ƙasa, kada a cika ta a kan bodi, musamman mai shimfiɗar roba. Gudun mai yana tara lantarki a jiki, in jarka ba ta taɓa ƙasa ba sai ya fita da tartsatsi. Bakin famfo ya taɓa wuyan jarkar har a gama. Ga fetur wannan doka ce, don ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama. Dizal sai ya wuce digiri 50 da ɗoriya, amma jarka a rana tana iya kusantar hakan, saboda haka ɗabi'ar ɗaya ce. Zuba lita 20 cif ka tsaya. Kada ka karkata ta don ƙusumbin baya ya cika, wurin iska ne aka bari da gangan. Mai yana buɗewa da zafi: lita 20 da aka zuba da sanyin safiya, in zafi ya ƙaru da digiri 30, dizal zai ƙara kusan rabin lita, fetur ya ɗan fi haka. In babu wurin, roba ce za ta biya. Dizal yana kumfa, a zuba a hankali.

Wajen buɗewa, tsayar da ita a inuwa ta huce, goge ƙurar da ke kewaye da murfi tukuna, juya bakin nesa da fuskarka, zare fil, ka ɗaga hannun kaɗan. Murfin yana da mataki biyu, a na farko ƙugiyoyin suna riƙe da shi yayin da iska ke fita. Sai hucin ya tsaya ka ƙarasa. Wanda ya fizge shi gaba ɗaya da tsakar rana, ko bayan hawa dutse mai tsawo, wanka zai yi da mai.

Bututun zuba ka gwada shi a bakin tankinka tun a gida. Na dizal ya fi na fetur kauri, kuma shi ma yana da tasa robar da ke bushewa. Wanda ba ya son ɗaga kilo 21 a kafaɗa, akwai tiyo mai ɗan ƙarfe da ƙwallo a baki, ana jijjiga shi a cikin jarka mai ya taho da kansa, muddin jarkar ta fi tanki tudu. Zuƙa da baki kuwa a bar shi, kurɓi ɗaya da ya sauka huhu yana kwantar da mutum asibiti. Ka bi da man ta mazurari mai rariya da ke tare ruwa, kuma rabin litar ƙarshe kada ta shiga tanki, nan ruwa da gari ke taruwa. Injin zamani yana tura mai da matsin da ke kai 2000 a ma'aunin bar, ɗigon ruwa ko ƙwayar tsatsa na iya lalata injekta, wato bakin da ke fesa mai cikin inji.

Da tanki ya sami wurin lita 20, juye jarka ɗaya. Mai ya fi zama lafiya a tanki.

Mai Walda:

Abu ɗaya zan ƙara, Malam. Jarkar da ta huje kada a kai ta walda, kada a sa mata giranda, kada a kanga ta a wuta don a busar. Wadda ake ganin babu komai a ciki ita ce mai haɗarin. Tururin fetur yana kamawa in ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iska, kuma ɗan abin da ya maƙale a haɗi da ƙarƙashin fenti ya isa ya kai haka da zarar ƙarfe ya yi zafi. Ɗauraya da ruwa ba ta fitar da shi. Ko da an tsira, zafin ya ƙone fentin ciki, tsatsa ta samu ƙofa. Manne ta da gam daga waje kuma na iya kai ka gari mafi kusa, ba gyara ba ne.

Gwajin yoyo ba ya buƙatar wuta ko kwamfuresa. Rufe jarka babu komai da sanyin asuba, ajiye ta a rana awa biyu, iskar ciki za ta buɗe. Shafa ruwan sabulu a layin walda, gindin mariƙai, kewayen wuya da bakin murfi. Inda kumfa ta taso nan ne. In babu kumfa kuma ka ji huci da ka ɗaga murfi, ta riƙe. Daga nan zuba dizal lita biyu, kife ta a kan kwali ta kwana, ka duba da safe.

Direban Jeji:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu. Baba, in na samu wadda fentin cikinta lafiya amma akwai datti da ɗan ja a gindi, da me zan wanke? Kuma man da ya rage bayan tafiya, zai iya zama a ciki har yaushe?

Tsohon Makanike:

Amin, ɗana. Kada ruwa ya shiga. Zuba kananzir ko dizal lita ɗaya zuwa biyu, rufe, girgiza ta kowane gefe, juye ta farin ƙyalle cikin bokiti ka ga abin da ya fito. Maimaita har ƙyallen ya daina kama komai, yawanci sau uku. Dabarar zuba notuna ko guntun sarƙa a girgiza ta jarkar da ba ta da fentin ciki ce. A mai fenti, kankare shi za su yi, ka ɓata abin da ka saya dominsa. In ja bai daina fitowa ba bayan wanki huɗu ko biyar, tsatsar tana ƙarƙashin fentin, mayar da ita ta tara baƙin mai. Man wankin kuma ba na tanki ba ne.

Dizal a rufe, a inuwa, yana yin wata shida zuwa shekara. Abin da ke ɓata shi ruwa ne: jarka rabi tana tara raɓa a ciki, ruwan ya sauka gindi, wasu ƙwayoyin halitta su yi baƙin yauƙi a tsakanin ruwa da mai, shi ke toshe filta. Saboda haka ko dai ta zauna cike, ko ka juye a tanki ka bar ta da ɗan dizal da ya jiƙa bango, a rufe. Fetur ya fi saurin lalacewa, kada ya wuce wata shida, wanda aka gauraya da etanol ma ƙasa da haka don yana jan danshi. Kada ka ajiye dizal a abin da aka lulluɓe da zinki irin na kwanon rufi, yana narkar da shi ya kai wa injekta.

Tunda duk koraye ne, rubuta DIZAL da fenti a gefe biyu da kan murfi, da ranar cikawa a ɗan kati a mariƙi. Fetur a injin irin naka yana cinye famfon mai, don dizal ɗin ne ke shafa masa maiƙo. In tafiyar za ta ƙetare iyaka ko ta hau jirgin ruwa, tambayi dokarsu tun kafin ka cika: mai shiga Tarayyar Turai, alal misali, lita 10 kawai ake yafe masa haraji a jarka, wasu jiragen kuma ba sa karɓar jarka mai mai a ciki ko kaɗan.